Wandon da Ba Ya Ƙarya

A layinsu babu mai kiranta da sunan yanka. Tela ake ce mata, yara da manya, har mijinta. Shagonta shi ne ɗakin da ke bakin ƙofar gidansu, mai taga ɗaya a kan titi. A ciki akwai baƙin keken ɗinki na ƙafa, da tebur da almakashi ya zazzane, da gwangwanin maɓallai, da dogon madubi da ta jingina da bango ta ɗan karkata shi baya, don mai ƙiba ya kalli kansa ya ji sanyi a ransa. Hannunta yana da kyau, wannan kowa ya shaida. Amma ba don hannun mata suke tsallake shaguna huɗu su zo wurinta ba. Suna zuwa ne don ba ta da baki.

Tun tana budurwa ta koyi ɗinki wurin wata tsohuwa mai zafin rai. Ranar farko da aka ba ta tef ta auna wata mata, sai zumuɗi ya ɗebe ta, ta ɗaga murya ta ce, "Ƙugu arba'in da huɗu!" Matar ta zare tef ɗin daga jikinta, ta naɗe yadinta, ba a sake ganin ƙeyarta ba. Tsohuwar ta ƙwanƙwashi kan yarinyar da bayan almakashi ta ce, "Tela ba ya faɗin lamba. Ki gani, ki rubuta, ki rufe littafi. Wanda ya ƙara ki sakar masa, wanda ya rage ki kama masa. In ya ce yana nan yadda yake, ki ce haka ne." Darasin ya shiga, ya kuma zauna daram.

A shagon tsohuwar ta haɗu da mijinta. Ma'aikaci ne a ofishin duba ma'auni, shi ya sa ake ce masa Sikeli, manya kuma su ce Malam Sikeli. Aikinsa ya zaga kasuwa da wani akwatin katako mai duwatsun awo na tagulla, da waya, da darma, da filaya. Sikelin da ya kama yana cin amana sai ya ɗaure shi da waya ya matse darmar, babu mai sake awo da shi sai an gyara. Ya zo ne duba sandar awon yadi ta tsohuwar, ya tarar ta gaza da rabin inci, ya ƙwace ta, tsohuwar ta bi shi da zagi har bakin titi. Bayan kwana uku sai ga shi ya dawo, ko kunya babu, da yadin kaki a hammata, wai yana son wando, kuma yarinyar nan ce za ta auna shi. Ta zagaya tef a ƙugunsa ta rubuta ta rufe littafi. Shi kuwa ya kama tef ɗin ya sunkuya ya karanta da kansa.

"Talatin da biyu," in ji shi. "Ni ba a auna ni a ɓoye."

Wandon nan da shi ya je gaishe da iyayenta. Shi ne kuma ya zame mata aikin shekara ashirin da takwas.

Dole a fahimci Malam Sikeli kafin a yi masa dariya, ko da yake ni ban hana kowa dariyar ba. Mutum ne da ya ga maganaɗisu a ƙarƙashin faranti, ya ga dutsen kilo da aka rarake aka cusa wa toka, ya ga babban yatsan mahauci yana hutawa a gefen nama. Daga ƙarshe ya yanke hukunci cewa duk sikelin duniya maƙaryaci ne, sai dai wani ya fi wani kunya. Ko bel ba ya ɗaurawa, wai abin da ke da huda bakwai zai iya ba da shaida bakwai. Abu ɗaya ya yarda da shi. A ofishinsu akwai dutsen asali, a kulle cikin kabad, ba a taɓa shi da hannu tsirara, da shi ake gwada sauran duwatsu. Sai ya ce ai mutum ma ya kamata ya sami na asalinsa. Ya ninke wandon kakin nan ya sa a akwati ƙarƙashin gado. Kowace Asabar ta farkon wata, kafin ya karya kumallo, sai ya fito da shi ya sa, ya ɓalla maɓalli, ya zura yatsu biyu a ƙugu, ya juyo ya sanar wa gida:

"Talatin da biyu!"

Wata bakwai da aure Tela ta ga maɓallin yana neman agaji. Ta ga yadda ya riƙe numfashi, ta ga fuskarsa ta fara sauyawa kamar ta wanda aka yi wa rasuwa. Wata mai zuwa, ranar Juma'a, yana fita aiki ta jawo akwatin, ta sa reza ta farke ɗinkin baya, ta saki rabin inci. Dama ta bar yadi isasshe a ciki, kamar yadda aka koya mata. Washegari ya sa, ya zura yatsu biyu, ya yi sanarwa, bakinsa har kunne. Ita kuma ta ce, "Haka ne."

Daga rabin inci aka tafi. Da yadin ciki ya ƙare sai ta koma ga ragowar kakin da ta adana, ta wanke shi ta shanya a rana sau da yawa har ya koɗe daidai da wandon, ta yi ƙari a gefe da gefe, ta ɓoye ɗinkin a bakin aljihu. Sauran wandunansa na aiki da rigunansa duk haka take bi da su. Yara suka zo suka girma suna tafa wa ubansu ranar Asabar, suka yi aure suka watse. Malam Sikeli ya kai inci arba'in cif, cikinsa yana riga shi shiga ɗaki, amma in abokansa suka tsokane shi sai ya shafa tumbin ya ce, "Ido ne ke ruɗin ku. Ku zo gida ku ga wando." Wasu har sun zo sun gani, suka tafi suna mamakin ikon Allah.

Ba ta taɓa jin ta cuce shi ba. Tana son mutumin, tana son wannan fahariyar tasa ta banza, kuma a ganinta miji da ke fita da farin ciki ya fi miji mai gaskiyar ƙugu.

A shekara ta ashirin da takwas abin ya juya. Malam Sikeli ya buɗe ciki. Yana cinye burodi guda da ƙwai huɗu da safe, kafin azahar ya aiko a tambaya ko akwai ragowar shinkafa. Ana sanyi yana zufa. Ya jawo fanka ya kafa ta a gabansa, ya hana a juya ta ko'ina. Abu kaɗan ya hau faɗa, har da cokali ya yi wa tsawa don ya faɗi. Hannunsa ya fara rawa, kuma a nan kasuwa ta shiga uku: in ya ɗora dutse a faranti sai farantin ya ɗauki rawar, allura ta ƙi tsayawa, shi kuma ya ce sikelin na da aljanu ya matse masa darma. Cikin wata guda ya rufe sikeli goma sha ɗaya, har da na wani tsoho mai sayar da gishiri da bai taɓa cutar ko ƙuda ba.

Duk cin nan, wando sai saki yake. Tela ta ɗauki allura ta fara komawa baya. Ta kama inci ɗaya, ta kama biyu, ta cire ƙarin gefen dama, ta cire na hagu. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne wuyan riga, don shi matsewa yake. Ƙasan maƙogwaronsa ya ɗan tasa, in ya haɗiyi ruwa sai tudun ya hau ya sauka. Ta matsar da maɓallin wuya, ta sake matsarwa. Hannunta ne ke yi tun kafin kanta ya yi shawara.

A wata na takwas ta shimfiɗa wandon asali a tebur ta auna, sai ta ga talatin da biyu. Na gaske, ba ƙari ba ragi. Karo na farko tun suna ango da amarya wandon zai faɗi gaskiya. Ta zauna a kan kujerar keke ta yi kuka har wata mai karɓar ɗinki ta leƙo ta taga ta koma. Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Wata mai zuwa ya sauka talatin da ɗaya, ta kama, ya yi sanarwarsa da murya mai rawa, ta ce haka ne.

Ana haka yayarsa ta zo, wadda ta goya shi, har yau kuma Auta take ce masa. Tun daga bakin ƙofa ta saki jakarta.

"Innalillahi! Auta, kai ne ko maratayin rigarka? Ke Tela, yunwa kike gana wa ɗan'uwana?"

"Yaya, ki zauna ki ga cinsa tukuna."

Ta zauna ta gani. Ya share faranti biyu ya kai hannu ga nata. Yaya ta matso ta ɗaga haɓarsa ta ƙura wa wuyan ido.

"Haka wuyan Inna ya yi kafin ta kwanta. Gobe asibiti, ko da a bayana zan goya ka."

Yaya ba a yi mata gardama, don haka ya je. Amma tun a ɗakin farko aka sami matsala, da ma'aikaciyar jinya ta ce ya hau sikeli. Maimakon ya hau sai ya durƙusa ya kifa sikelin yana duba gindinsa.

"Ina hatiminsa? Yaushe rabon da a duba shi?"

"Baba, hawa kawai za ka yi."

"Ni in hau wannan? 'Yata, na rufe waɗanda suka fi shi mutunci."

Da ƙyar aka kai shi gaban likita, wata mace mai haƙuri da tabarau a goshi. Ta taɓa wuyan, ta sa ya miƙa hannuwa ta ɗora takarda a kai, takardar ta dinga kaɗawa. Ta ƙirga bugun jininsa. Ta tambaye shi ko ya rame.

"Ko inci ɗaya. Wandon da na sa shekara ashirin da takwas da suka wuce, shi na sa Asabar ɗin nan. Ga matata, tela ce, tambaye ta."

Likita ta dubi Tela. Yaya ta dubi Tela. Tela ta dubi ƙasa, ta ji bakinta ya ce, "Haka ne."

Likita ta rubuta takarda duk da haka. Ta ce akwai wani ƙululu a gaban wuya da ake kira tayiroid, tana zargin shi ne, kuma gwajin jini ne kawai zai raba gardama. Malam Sikeli ya karɓa da ladabi. Suna isa gida ya ninke takardar gida takwas ya cusa a ƙarƙashin ƙafar fanka, don dama tana girgiɗi.

"Jinina ba na rabo ba ne," in ji shi. "Mutum lafiyarsa lau, da shaidarsa a akwati."

Yaya ta koma gidanta tana kuka. Tela ta rasa inda za ta sa kanta. Ta san abin da ke tsakaninsa da allurar ɗibar jinin nan wando ne, wandon kuma ita ce. Ta shirya maganar a ranta sau ba adadi, amma da ta buɗe baki sai ta ji ta tambaye shi ko a ƙara masa shayi. Shekara talatin da wani abu ba ta faɗi lamba ba, harshen ya manta hanya. Sai ta yi dabara irin ta tela: in baki ya kasa, allura ta faɗa. Ta ɗauko wandon aikinsa, ta mayar masa da duk abin da ta kama, ya koma arba'in ɗinsa na bara. Ta goge ta rataye. Na asalin kuwa ta jawo akwatin, ta buɗe, ta kalle shi, zuciyarta ta kasa, ta mayar.

Da safe ya sa a gaggauce, ya cusa riga da singileti a ciki, suka ɗan riƙe shi. Ya isa kasuwa lafiya. Sai a layin mahauta, ya ɗauko dutsen kilo biyar a dama, na kilo biyu a hagu, ya ɗaga su sama yana yi wa jama'a huɗuba a kan amana, wandon ya sauka salin-alin har idon sawu. Dutsen gwamnati ba a ajiye shi a ƙasa, wannan doka ce da bai taɓa karyawa ba. Haka ya tsaya, hannuwa a sama, ƙafafu kamar sandunan rake, har wani mahauci da aka rufe wa sikeli makon jiya ya zo ya ɗaga masa wandon, a hankali, yana kallon jama'a.

Ya dawo gida yana huci, hannu ɗaya a ƙugu. Tela ta miƙe tana cewa a ranta yau dai an gama. Ya wuce ta ya shige ɗaki, ya jawo akwati, ba Asabar ba ba komai ba, ya sa na asali. Ya zauna masa cif. Ya zura yatsu biyu.

"Na sani! Mai guga ne! Ya musanya min da wandon wani ƙato!"

Ya fita da wandon aikin a hannu kamar tuta. Mai guga mutum ne mai sanyin hali, rumfarsa na ƙarshen layi, shekara goma sha biyar yana yi musu guga ko maɓalli bai taɓa ɓata ba. Malam Sikeli ya tara masa jama'a, ya kira shi ɓarawon wando, ya ce ya fito da ƙaton. Bawan Allah sai rantsuwa yake yana juya wandon yana cewa, "Malam, wallahi naka ne, ga ma tabon darma a aljihu." Tela tana tsaye a bakin shago tana ji, kunya kamar ta nutse. Sai ta ga mijinta ya tsaya a tsakiyar zagi, ya dafa ƙirji, ya jingina da sandar rumfar yana neman numfashi. Mai gugar da ake zagi shi ya tura masa kujera.

Ta je ta kamo hannunsa ta kawo shi shago, ta rufe taga. Ta ce ya cire na asalin ya ɗaura zane. Ya yi, don ba shi da ƙarfin musu. Ta juya wandon ciki waje ta shimfiɗa a tebur inda haske yake.

"Malam, duba nan."

Cikin wandon duk sawun allura ne, layi bayan layi, wasu sun tsufa sun yi fari, wasu sababbi. Ga inda aka yi ƙari, ga inda aka cire. Ya sa tabarau ya sunkuya. Mutum ne da ya san ma'aunin da aka taɓa in ya gan shi. Ya bi layukan da yatsansa mai rawa, ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce."

"Tun yaushe?"

"Tun wata bakwai da aurenmu."

"Wannan layin na can ƙarshe fa?"

"Arba'in."

"Arba'in! Ni?"

"Kai. Bara war haka. Yanzu talatin da ɗaya. Inci tara cikin wata tara, Malam, kuma wuyanka na matsar da maɓalli sau uku. Ni na saki wandon aikin, mai guga bai san komai ba. Ka yi min duk abin da za ka yi, amma ka je a ɗebi jinin nan."

Ta zaci zai yi ihu. Da ya yi da ta fi jin daɗi. Sai ya miƙe ya ɗauko akwatin aikinsa, ya yanko waya, ya zura ta a tayar kekenta ya zagayo da ita ta jikin ƙarfen, ya sa darma ya matse da filaya. Sau uku filayar tana kuɓuce masa. Ya fita da zanensa ya tafi ƙarshen layi ya ba mai guga haƙuri a gaban mutane, ya dawo ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Ranar ko abinci bai nema ba.

Ba roƙonta ne ya kai shi asibiti ba, kada a ba ta ladan da ba nata ba. Abin da ya kai shi shi ne mai duba ma'auni ba ya iya zama ba ma'auni. Kwana biyu yana zagaya gida kamar wanda aka sace wa ƙofa. A na uku ya ɗaga ƙafar fanka ya zaro takardar ya warware ta. Ya ƙi duk wandon da ya zauna masa daidai, ya ce shaidun zur ne, an saye su. Ya sa na arba'in ɗin nan da ya kunyata shi, wai shi kaɗai ne ya tuba ya faɗi gaskiya, ya tattare ƙugun a hannun hagu. Bai ce ta zo ba, bai ce kada ta zo ba. Ta yafa mayafi ta bi shi a baya.

Ɗakin gwaji yana hawa na biyu. Mai ɗibar jinin wani magidanci ne mai fara'a, ya ɗaure masa dantse da roba yana neman jijiya. Malam Sikeli yana kallon wani farin inji da ke ƙugi a kusurwa.

"Wancan ne zai auna ni? Wa ke duba shi?"

"Kullum da safe, Baba, kafin mu sa jinin kowa, akwai wani ruwan gwaji da aka riga aka san lambarsa. Shi muke fara ba shi. In ya faɗi daidai mu ci gaba, in ya kauce mu tsaya a gyara."

Fuskar Malam Sikeli ta saki, karo na farko cikin kwana uku. "Ashe kuna da na asali."

"Muna da shi, a firji."

"A kulle?"

"A kulle."

"Matar wani tana shiga wurin?"

Mai ɗibar jini ya yi dariya don bai gane ba. Tela da ke tsaye a bakin ƙofa ta gane, maganar ta soke ta fiye da yadda allurar ta soke shi. Jinin ya cika 'yar kwalba, aka liƙa mata suna, aka ce su dawo jibi.

Da ranar ta zo, likita ta shimfiɗa sakamakon a tebur ta nuna layi biyu da biro. Na farko, TSH, ya yi ƙasa har ya kusa ɓacewa. Na biyu, T4, ya haura iyaka nesa.

"To ai ɗaya ya sauka ɗaya ya hau," in ji Malam Sikeli. "Sun biya juna."

"Ba haka ake karanta shi ba, Baba. Na farkon saƙo ne da ƙwaƙwalwa ke aika wa ƙululun wuya, ta ce masa yi aiki. Na biyun shi ne aikin da ya yi. Naka ƙululun ya zarce, yana ta zuba aiki ba a sa shi ba, shi ya sa ƙwaƙwalwa ta daina aike. Jikinka yana ƙona abinci kamar murhun da aka bari a buɗe. Ramar, da zufar, da rawar hannun, da faɗan, duk shi ne."

"Har faɗan?"

"Har faɗan."

"Wato ma'aunin da in ya yi ƙasa, sama yake nufi." Ya girgiza kai. "Da a kasuwa ne da na rufe shi." Amma ya jawo takardar ya karanta lambobin da kansa, ya ga an rubuta iyakar ƙasa da ta sama a gefen kowanne, abin ya burge shi. Ya miƙe ya ja ƙugun wandon gaba, har ana iya zura tulu a ciki. "Rubuta, likita. Inci tara, wata tara."

Likita ta rubuta, ba ta yi dariya ba. Ta ce ciwon yana da magani, ƙwaya ce kullum, da wata ƙwayar ta rage gudun zuciya, bayan 'yan makonni a sake ɗibar jini a ga inda aka kwana. In ya ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro yana cikin shan maganin, ya dawo a ranar. Sannan ta sa abin sauraro a ƙirjinsa ta daɗe.

"Zuciyar ce ba ta bugawa a jere. Ta daɗe tana gudu ba hutu. Za mu duba ta sosai, wataƙila ta daidaita, wataƙila sai an daɗe ana lallaɓa ta. Da tun watannin farko kuka zo, da ban damu haka ba. Wata tara mutum yana zubewa, babu wanda ya lura a gida?"

Tela ta ji kamar an ɗora mata dutsen guga a ƙirji. Ita ta lura tun inci na farko, ta fi kowa lura a duniya, ta kuma bi kowane inci ta ɗinke bakinsa da zare mai kyau. Ta buɗe baki za ta ce ita ce, sai Malam Sikeli ya riga ta.

"Ma'aunin gidan ne ya samu matsala," ya ce, yana kallon bango. "An gano, an rufe."

Suka karɓi magani suka nufi matakala. Hannunsa na hagu na riƙe da wando, na dama na riƙe da takardar sakamako da ledar magani. Ya tsaya a kan matakin farko ya dubi ƙasa. Ƙafafunsa suna rawa, ga ƙarfen riƙo a gefe, babu hannun kama shi.

"Kawo takardar in riƙe maka," in ji ta.

"A'a. Wannan ba mai taɓa min ita."

"To kawo maganin."

"Tare suke."

Mutane suna ta ratsa su suna wucewa. Ya daɗe a tsaye, zufa na bin bayan kunnensa. Can, ba tare da ya juyo ba, ya ce, "Kama wandon."

Ta matso ta tattara ƙugun ta baya, ta naɗe yadin da ya yi yawa a hannunta. Ya saki, ya kama ƙarfen.

"Riƙewa na ce. Kada ki rage komai."

"Ba zan rage ba."

Suka fara sauka, shi a gaba ita a baya, mataki ɗaya su tsaya. Wata mata da ke hawowa ta toshe baki da mayafi. Tela ba ta ko kalle ta ba. Bayan yatsunta yana gogar ƙashin bayansa, tana jin kowane gaɓa, tana kuma jin bugun zuciyar nan ta cikin riga, yana sauri, ya yi tuntuɓe, ya sake kamawa. Saura hawa ɗaya da rabi, ta ƙara damƙe yadin.